Waƙar Rakiyar Kaka Hannah

Dakar, Senegal
Farkon watan Mayu

Zuwa ga Kawuna Obadiah,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya kuma gwiwar nan ta bar damunka. Yaya Kaka a Ushafa? Yaya Anti Rabi'atu da mutanen Abaji? Ni lafiyata ƙalau, in ban da shinkafa da kifi da suka fita min a rai. Da rana kifi, da yamma kifi, har na fara mafarkin tuwon dawa da miyar kuka.

Ka yi haƙuri da rashin jin muryata. Tun ranar da muka shiga sansanin gasar suka karɓe mana waya, wai kada mu ji abin da ake faɗa a kanmu a waje. Takarda kaɗai aka yarda da ita, ita ma sai in Malam Muktar na gidan talabijin zai zo ko zai koma Abuja. Na san ka gani da idonka, Najeriya ta shiga zagayen ƙarshe na gasar Murya Ɗaya. Da aka kira sunan ƙasarmu ban san sanda na durƙusa ba.

Kawu, akwai magana, kuma ban san ta inda zan fara ba. Dokar zagayen ƙarshe ita ce kowace ƙasa ta kawo waƙar gida, da harshen mawaƙin, wadda ba a taɓa ɗauka a faifai ba. Mun gwada waƙoƙin Gbagyi da na sani, na biki da na noma, duk Oga Philip, mai shirya mana kiɗa, ya ce ba su kai ba. Ranar nan bayan gwaji kowa ya tafi cin abinci, ni na zauna a matakalar dandali, kewar gida ta taso min, sai na fara rera waƙar Kaka a hankali. Na manta ƙaramar makirfon da suke maƙala mana a wuyan riga tana kunne. Oga Philip yana ɗakin na'ura, ya ji komai.

Ya fito da gudu ya ce, "Kindness, ina kika ɓoye wannan? Wannan ne zai kawo mana kofi."

Na ce masa ba waƙar dandali ba ce, waƙar rakiya ce. Na yi masa bayanin yadda muke yi a gidanmu: kowace mai ginin tukwane ita take tsara waƙarta da bakinta, ta koya wa 'ya ko jika guda ɗaya, ranar da ta rasu a rera mata a bakin kabari. Sau ɗaya ake yi a gaban jama'a, ba a yi kafin ranar, ba a sake yi bayanta. Na ce mai waƙar tana nan da ranta, tana ta ginin randa.

Ya ce, "To ki tambaye su a gida. Amma ki sani, ba mu da wani abu da ya kai shi."

Ban kai ƙarshen waƙar ba a ranar, Allah ne shaidata, rabi na yi. Ba zan ɓoye maka ba, ina so in yi ta. Duk waƙar da na taɓa yi a duniya aro ce, wannan kaɗai ce in na buɗe baki nake jin tawa. Amma kuma in na tuna me ake nufi da ita sai jikina ya mutu. Kai ne ubana tun da Mama ta rasu. Abin da ka ce shi zan bi.

'Yarka,
Kindness

*

Area 3, Garki, Abuja
Watan Mayu

'Yata Kindness,

Na sami takardarki daga hannun Malam Muktar, kuma na gode wa Allah da kike lafiya. Gwiwa tana nan yadda kika bar ta, ita da matakalar gidan nan ba su shirya ba har yau. Antinki da mijinta Lukmanu suna gaishe ki. Kakarki ma lafiya, sai dai na kai ta asibiti a Bwari satin da ya wuce, amma ba wani abin tayar da hankali ba ne. Batun kifi kuwa, ki ci ki gode. Mu nan sai an yi baƙo ake ganinsa a miya.

Mun gan ki. Duk mutanen layinmu a falona suka taru, har da mai gadin da bai taɓa amsa min gaisuwa da kyau ba. Yanzu in na fito sayen burodi ana nuna ni, ana cewa ga kawun Najeriya. Shekara da shekaru na yi a ma'aikata ba wanda ya san ni sai masinja, ke kin yi waƙa biyu kin mai da ni babban mutum.

Yanzu ga amsar tambayarki: a'a. Ban yi dogon tunani ba, don babu abin tunani a ciki.

Ke kin san dalili, amma tun da fitilun dandali sun fara shiga miki ido, bari in tuna miki. In kika rera waƙar nan a gaban duniya, me za mu ce wa tsofaffin Ushafa? Cewa za su yi jikar Hannah ta binne ta da ranta saboda kofi. Wannan ɗaya ke nan. Na biyu ya fi ciwo. Ranar da Allah ya kira ta, za mu kai ta makwancinta mu tsaya kamar gumaka, ba abin da za a rera, don kin riga kin kashe waƙar a Dakar. Uwarta an raka ta da waƙa, kakarta an raka ta da waƙa, ita kaɗai za ta tafi shiru.

Ki tuna yadda waƙar ta zo hannunki. Ta uwarki Catherine ce a ƙa'ida, sai ta riga mu. Rabi'atu kuma tun da ta musulunta ta gaya wa Mama gaskiya cewa ba za ta iya waƙa a makabarta ba, Mama ta ce ba komai, kowa da hanyarsa. Ni namiji ne, ko kusa da ɗakin ba a bari na zo in ana koyarwa, har yau ban san kalma ɗaya a cikinta ba. Ke kaɗai ce ke riƙe da ita a duk duniya. Amana ce aka ba ki ajiya, ba kyauta ba.

Shi Oga Philip ban ga laifinsa ba, aikinsa yake yi. Wanda bai san gari ba dole ya taka inda ba a takawa. Ki ce masa kawunki ya ce ya sake lalube, waƙa ba ta ƙare a ƙasar Gbagyi ba. In ma babu, ki yi musu ta noman doya, in kin faɗi kin faɗi da mutuncinki.

Ban gaya wa Kakarki ba, kuma ba zan gaya mata ba. Rabi'atu kaɗai na faɗa wa, na kuma ja mata kunne.

Kada ki ji haushina. Ina alfahari da ke fiye da yadda zan iya rubutawa.

Kawunki,
Obadiah

*

Area 3, Garki, Abuja
Watan Mayu har yanzu

Kindness,

Ina fata kina lafiya. Mu ma lafiya, in ban da kunyar da na sha, wadda za ki ji yanzu. Ban sani ba ko takardata ta farko ta iso ki, don ban ji daga gare ki ba. In ta iso, ki ajiye ta gefe ki karanta wannan.

An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, amma wannan karatun bai kai Abaji ba. Antinki ta kwana biyu da maganar, ta ji kamar za ta fashe, ta hau mota ta tafi Ushafa wai gaisuwa. Kafin ta sha ruwa ta zazzage komai. Washegari aka aiko min cewa Mama tana nemana, kuma in zo ko da rarrafe ne.

Na same ta a bayan gida tana murza yumɓu. Na gaishe ta, ba ta ɗago ba. Na ja kujera na zauna nesa kaɗan saboda wandona. Sai da ta gama ɗora bakin tukunyar nan tsaf sannan ta dube ni.

Ta ce, "Obadiah, waƙar wa ce?"

Na ce, "Taki ce, Mama."

Ta ce, "To yaushe na mutu har ka fara rabon kayana?"

Kin ga irin riga malam masallacin da na yi. Na fara kawo mata dalilai irin waɗanda na rubuta miki, maganar mutane da maganar ranar jana'iza. Ta bar ni na gama kamar mai sauraron wa'azi. Sannan ta ce ita ce ta rera wa uwarta tata waƙar, kuma tana cikin rerawa abin da ke ranta shi ne, wannan matar ta yi shekaru tana gyara kalmomin nan, ga shi an zo yi mata ba ta ji ko ɗaya. Ta ce tun ranar abin yake ci mata rai. Ta ce ko a wajen koya miki, guntu-guntu take ji, cikin raɗa, kuna tsoron kada wani ya wuce. Ba ta taɓa jin waƙarta daga farko har ƙarshe da cikakkiyar murya ba.

Na ce, "To ranar da za mu kai ki fa?"

Ta ce, "Ranar ba ni da kunne. Yau nake da shi."

Rabi'atu tana gefe tana kuka, ita da ta haɗa wutar. Ita ma ba ta so, ta ce ko ba addininta ba ne, ba ta ga kyan a kira wa mai rai mutuwa ba. Mama ta ce mutuwa ba ta jiran gayyata, ta ɗauki Catherine ba wanda ya yi mata waƙa tukuna. 

Saboda haka ga saƙonta, yadda ta faɗa: ki rera, kada ki rage komai, kuma kada ki bari su sa miki ganguna masu yawa har a kasa jin magana. Ta ce tana so ta ji tun lokaci bai ƙure mata ba.

Ni dai ban canza ra'ayi ba, gaskiya ce zan gaya miki. Har yanzu in na tuna ranar nan da za mu tsaya shiru sai ƙirjina ya yi nauyi. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na janye a'a ɗina.

Tsofaffin unguwa sun ji, sun rabu biyu. Wasu sun ce Hannah ta fara ruɗewa, wasu sun ce dama can haka take tun tana budurwa. Ita ko a jikinta.

Kawunki,
Obadiah

*

Dakar
Ƙarshen watan Mayu

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gaishe da kowa. Lafiyata lau a jiki. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Takardunka biyu yau suka iso tare. An soke jirgin Malam Muktar, ya zauna a Abuja da ta farko a jakarsa, har ka kai masa ta biyu. Duk tsawon lokacin nan ina nan ina jira, kullum in leƙa ofishin tawaga a ce babu. Na ɗauka fushi ka yi da ni har ba ka ga ya kamata ka amsa ba. Na riga na gaya wa Oga Philip ya haƙura, mun koma kan waƙar noma, yana ta ƙara mata kiɗa kamar mai yi wa bango fenti.

Na karanta ta farko na yi kuka, na ce Kawu ya yi gaskiya. Na karanta ta biyu na yi dariya a wajen wandonka. Sai na koma na haɗa su biyun, a nan ne hankalina ya tashi.

A ta farko ka ce ka kai Kaka asibiti, ka wuce da sauri kamar mai tsallake kwata. A ta biyu ka ce tana so ta ji tun lokaci bai ƙure mata ba. Anti Rabi'atu tana kuka. Matar da ta sa ni na rantse ba zan rera waƙar nan ko a gaban madubi da ƙarfi ba, yau ita ce ke cewa in yi wa duniya. Kawu, ni ba yarinya ba ce. Haka kuka yi min lokacin rashin lafiyar Mamana, ina makarantar kwana kuna cewa zazzaɓi ne, na dawo na tarar da rumfa a ƙofar gida.

Me likita ya ce? Ka gaya min gaskiya. In Kaka tafiya za ta yi, ba zan tsaya a nan ina sa kaya masu ƙyalli ba. Na riga na tambayi shugabar tawaga yadda ake janyewa. Ta ce in na fita Najeriya ta fita, babu mai maye gurbi a wannan matakin, ta roƙe ni in jira amsarka. Zan jira, amma ba da yawa ba. Gara in zo in zauna a gefenta in rera mata a ɗaki, mu biyu, da in rera a nan a kira ni a ce ta cika kafin a gama talla.

Malam Muktar zai juya gobe, ya yi alkawarin har gida zai kawo maka wannan.

Kindness

*

Area 3, Garki, Abuja
Farkon watan Yuni

'Yata,

Lafiya muke, kuma wannan karon ki ɗauki kalmar yadda take. Malam Muktar da ya kawo takardarki shekaranjiya ya dawo, yana zaune a falona yana shan shayi, ya ce ba zai tashi ba sai da amsa, saboda haka zan yi sauri.

Kakarki ba mutuwa take yi ba. Jiya ma da na je na tarar ta saɓa tulu a kafaɗa tana faɗa da mai Keke a kan hanya. In ana maganar ƙarfi, ni za ta binne.

Kunne ne. Na dama ya tafi gaba ɗaya tun bara, ta ɓoye mana, tana juya kai kamar mai jin wuya. Na hagu ma ya fara haɗa kaya. Likita ya ce jijiya ce, ba abin da za a wanke ko a ɗiga, kuma ba ya jin zai kai baɗi. An gwada mata na'urar ji, ta ce ƙara take ji kamar injin niƙa, ta cire ta ajiye a cikin tukunya. Ita ta hana ni gaya miki, wai kada ki riƙa yi mata ihu kamar yadda Rabi'atu take yi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na karya mata doka, in kin dawo kya tare min faɗa.

Abin da kika faɗa game da lokacin uwarki ya soke ni, kuma kina da gaskiya. Ba zan sake yi miki haka ba.

Kada ki janye. Na kai mata shawararki ta rerawa a ɗaki, ta ce a ɗaki ai raɗa ce, ta gaji da raɗa. Ta ce waƙar rakiya a gaban jama'a ake yin ta, in jama'ar ta kai ƙasashe to ita ba ta ƙi ba.

Amma ki ji wannan daga gare ni. Ta ba ki izini, ba ta ɗora miki dole ba. Ke ce za ki tsaya a bakin kabarin nan wata rana bakinki babu komai, kuma ke za a kalla. In kin ga ba za ki iya ɗauka ba, ki yi ta noman, ni zan san abin da zan gaya mata.

Kawunki,
Obadiah

*

Dakar
Yuni, ana jibi gasa

Kawu,

Na gode. Na sami takardarka, na yi barci a karon farko cikin kwanaki. Ka gaishe min da Kaka, ka ce mata na ji kuma ba zan yi mata ihu ba.

Zan rera. Na yi tunanin ranar da ka ce, na ga kaina a tsaye ba abin faɗa, kuma na ji tsoro, har yanzu ina ji. Amma na fi tsoron in riƙe waƙar nan har sai kunnen ya rufe, in zo ina rera wa ƙasa abin da mai shi ta roƙe ni tana raye.

Mun yi rigima da Oga Philip. Na cire masa ganguna duka, na bar sarewa ɗaya, ya haƙura. Inda muka fi daɗewa shi ne ƙarshen. Kai ba ka san kalmomin ba, amma ka halarci jana'izar tsofaffi, ka san yadda ake rufewa: a kira sunan mai waƙar sau uku, bayan kowane kira a yi shiru a saurara. In an yi na uku ba ta amsa ba, sannan mata su fara kuka. Shi ya ce talabijin ba ta son shiru.

Ya ce, "Mutane za su ce kin manta line ɗinki. Judges za su yanke mana maki."

Na ce su yanke. Kaka ta ce kada in rage komai, shirun ma a cikin waƙar yake. Ya dafe kai ya ce ni da kakata za mu kashe shi, amma ya bari. A wajen gwaji ban taɓa kiran sunan ba, nakan tsaya kafin nan. Jibi ne zan fara.

Za a nuna da yamma, wajen la'asar a lokacinku. Don Allah ka nemi janareta, kada ka dogara da wuta. Ka sa Kaka kusa da lasifika.

Ku yi min addu'a, ku da Anti Rabi'atu, kowa ta hanyarsa.

Kindness

*

Area 3, Garki, Abuja
Yuni

'Yata Kindness,

Gaisuwa da fatan kin huta gajiya. Kowa lafiya. Na ji an ce za ku tsaya wasu kwanaki kafin a sallame ku a ba ku wayoyinku, ni kuwa ba zan iya riƙe wannan har lokacin ba. Ashe ciwon Rabi'atu na gida ne.

Ta huɗu kika zo, ɗan Mali ya ɗauki kofi. Mai gadinmu ya ce an yi mana maguɗi, ni na ce yaron ya iya waƙa. Wannan ke nan, mu wuce wurin.

Lukmanu ya ɗauko ni da talabijin ɗina a motarsa tun da hantsi muka tafi Ushafa. Muka kafa ta a tsakar gida, inda ake shanya tukwane, muka ja janareta can bayan katanga saboda ƙara. Mutane sun zo fiye da yadda na zata. Har waɗanda suka ce ba za su zo ba sun zo, sun tsaya a bakin ƙofa kamar masu wucewa. Tsofaffin mata ba su san irin shigar da za su yi ba, wasu sun yi ta biki, wasu ta makoki. Kakarki ta ɗaura zanen zumuntar mata ta coci, sabon.

Na sa mata kujera a gaba, ta ƙi. Lasifikar a gefen akwatin take, sai ta ja 'yar kujerarta ta aiki ta zauna a gefen, ta manna kunnen hagu a jikin lasifikar. Kin ga ke nan ba ta ganin hoton ko kaɗan, mu take fuskanta. Na ce, "Mama, ba za ki ga Kindness ba." Ta ce ta san kamanninki.

Muka sha waƙoƙin ƙasashe, tana zaune a haka ba ta motsa ba. Da aka kira Najeriya kika fito, tsakar gidan nan ta yi tsit.

Ban san abin da zan ji ba, Kindness. Na ji kin jero matan gidanmu ɗaya bayan ɗaya, wadda ta gano ramin yumɓu, wadda ta kai tukwane kasuwar Bwari da goyo a baya. Na ji inda ta sa uwarki, inda ta ce ta gina tulu mai kyau ya fashe tun bai ga ruwa ba. Na ji Rabi'atu, 'yar da ta bi wata hanya zuwa rafi amma ruwa ɗaya take kawowa gida. Antinki ta rufe fuska da mayafi. Ban taɓa zaton ina ciki ba, ai waƙar mata ce. Sai na ji kin ce ɗana mai takalmin ofis, yana tsoron laka, yana zama nesa, amma bai taɓa fasa zuwa ba. Mutane suka yi 'yar dariya suka juyo suna kallona. Ni kuka nake yi, a gaban Lukmanu da kowa, kuma ban ji kunya ba.

Duk wannan Mama tana kallonmu ɗaya bayan ɗaya, leɓenta yana bin kalmomin.

Sai sarewa ta tsaya, kika kira sunanta.  Aka yi shiru a Dakar, aka yi shiru a Ushafa, ba abin da ake ji sai janareta daga nesa. Kika kira na biyu. Tsofaffin matan nan na ga sun fara gyara zama suna jan numfashi, jikinsu ya san abin da ke biyo baya ko da mai waƙar tana zaune a gabansu. Kika kira na uku, muryarki ta karye a tsakiya.

Sai Mama ta ɗago kai daga lasifikar ta amsa. Ba da wani salo ba, yadda take amsawa in mai sayen tukunya ya yi sallama daga waje. Ta ce, "Ga ni nan."

Ke kina can a tsaye cikin fitila, idonki a rufe, kina sauraron shirun da kika yi faɗa a kansa. Na so a ce akwai yadda zan yi ki ji. Shi ya sa nake rubuta miki.

Matan da suka ɗauko kuka suka rasa inda za su kai shi. Wata ta fashe da dariya da hawaye a fuska, sauran suka bi, Rabi'atu ta je ta rungume Mama har kujerar ta kusa kifewa. Ba wanda ya kalli makin da alƙalai suka ba ki, sai daga baya muka tambaya.

Yanzu gardama ce ta tashi a unguwa. Wasu tsofaffi sun ce an rera a gaban jama'a, ta ƙare, babu sakewa. Wasu sun ce kiran da aka amsa ba rakiya ba ne, waƙar tana nan. Ban san wanda zai yi nasara ba, kuma ba zan yi miki alkawarin abin da ba a hannuna yake ba. Yana yiwuwa ranar mu tsaya shiru kamar yadda na ji tsoro.

Da mutane suka watse ina naɗe wayar janareta, na tambayi Mama ita me ta gani. Sai da na maimaita. Ta ce su yi ta gardamarsu, ita ta ji abarta. Na ce, to ranar fa, me za mu yi? Ta ce, "Ku zo kawai. Na riga na ga fuskokinku."

Ta ce in gaya miki kin yi sauri a wajen matan Bwari, amma sauran ba laifi. In kin sauka ki wuce Ushafa kai tsaye, kayanki sa biyo ki. In kin shiga ki zagaya ta hagunta kafin ki gaishe ta.

Kawunki,
Obadiah